Barsu Ba Ta Yi Hauka Ba

Yelwa, 2 ga Agusta, 1992

Yaya Zipora,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, ƙirjin ya sake ta? Yaya Baba Tamada da aikin gona? Ki gaida mutanen Dutsen Makoɗa duka, har da waɗanda ba na so ki gaida. Ni lafiya lau nake a shagon Alhaji Fa'izu, ina sayar ma Fulani maganin tsutsa da gishirin shanu, suna zagina da Fillanci suna tsammanin ba na ji.

Bayan haka, ina da faɗa da ke. Wai sai a bakin Isa mai jirgin ruwa zan ji Barsu ta haihu? Ya shigo da kwandunan kifi daga Wara yana ba ni labari kamar na ƙwallo: "Karyar babanka ta zuba takwas." Ke da kika gama firamare, biro ya ƙare ne a ƙasar Ngaski?

Kin san matsayin Barsu a wurina. Babana bai bar mini gona ba, bai bar mini akuya ba. Ita kaɗai ta rage cikin karnukan farautarsa. Da Alhaji zai yarda kare ya kwana bayan shagonsa, da ban bar ta ba. Na ba babanki ita ne don kakansu ɗaya da babana, kuma ya san abin da ake kira karen farauta.

To ki gaya mini gaskiya: mi take ci? Damina ce, babu farauta, kuma na san halin gidan. Takwas ba wasa ba ne. Akwai wani littafin Turanci na cututtukan dabbobi da malamin dabbobi ya bari a shagonmu, ina binsa a hankali da ƙamus, yadda na koya ma kaina karatu da kwalayen magani. Abin da yake faɗi a kan mai shayarwa ya tayar mini da hankali.

Ki ware mini mace ɗaya cikin ɗiyan. Ki ba Isa amsa ran kasuwa.

Ƙanenki,
Dogo

*

Dutsen Makoɗa, 9 ga Agusta

Dogo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Inna ta ji sauƙi, har ta koma gona. Baba lafiya, dawa ta yi kyau. Biro bai ƙare ba, hannuna ne ke kan fartanya tun safe. Ba kowa ke zaune a inuwar shago yana karanta kwali ba.

Na so in rubuto maka labari mai daɗi, ga shi babu. Ɗiyan sun yi ɓul-ɓul, sai ka ce ba kwanan nan anka haife su ba. Uwar ce ta lalace. Ran Talata ta tashi za ta sha ruwa, sai ƙafafunta sunka sandare, tana tafiya kamar an ɗaura mata karare. Fatar jikinta na rawa, tana haki, yawu na zuba, jiki zafi rau. Daga nan ta faɗi tana shure-shure. Baba ya ɗaure ta ƙarƙashin rumbu, nesa da ɗiyan. Washegari ta miƙe, ta ci ƙanzo, ta kaɗa mini wutsiya. Ɗiyan sunka ishe mu da kuka, munka mai da su wurinta. Kafin yamma ta sake kifewa.

Ka tambayi abin da take ci. Jiƙaƙƙen ƙanzo ne da dussa da ruwan wankin tukunya, abin da kowane kare ke ci da damina. Ka san ƙashin naman daji gindin tsamiyar mafarauta ake kai shi, ba a ba kare. Na ce da Baba bari in sayo mata warangi, ƙananan busassun kifin nan da ke jibge a bakin tabki. Ya ce muddin yana numfashi karen farauta ba zai ci kifi a gidansa ba, wai hancinsa zai mutu, ya koma bin masunta kamar karnukan Wara.

Abin da ke ba ni tsoro, mutane sun fara cewa hauka ce. Ba a manta da ɗan Ladidi ba, wanda mahaukacin kare ya ciza bara, ka kuwa san irin mutuwar da yaron nan ya yi. Jiya Ladidi ta zo ta tsaya ƙofarmu tana kallon rumbu. Dattawa sun ce tun da karyar taka ce, kuma kana wurin magani, a ji ta bakinka kafin a yi wani abu. A gabansu zan karanta takardarka. Ka ji na faɗa maka.

Yayarka,
Zipora

*

Yelwa, 11 ga Agusta

Yaya Zipora,

Na gode Allah da Inna ta miƙe. Sauran gaisuwa a ɗauka na yi.

Abu na farko, yau ɗin nan: a raba Barsu da ɗiyanta, kada ko ɗaya ya ƙara kai baki ga nononta. A bar ta a ɗaure, kada yaro ya matsa kusa, kada kowa ya sa mata hannu a baki.

Yanzu kuma dattawa su buɗe kunnuwan nan da tsufa da burkutu sunka toshe. Ba hauka ba ce, sai dai haukar masu kallonta. Wane mahaukacin kare kunka taɓa gani ya kwana ya warke ya kaɗa wutsiya, ku masu cika baki kun tsufa a daji? Mai hauka in ya fara, gaba yake yi har ya mutu. Wannan yunwa ce, kuma Baba Tamada ne ya ɗora mata ita da taurin kansa.

Akwai wani abu a jiki, kalsiyam sunansa, ko da yake na san a wurinku duk abin da ba gindin tsamiya anka haife shi ba tatsuniya ce. Shi ne ke cikin ƙashi da ƙayar kifi da ɓawon ƙwai. Ba ginin ƙashi kaɗai ne aikinsa ba. Kaɗan daga cikinsa na yawo a jini, shi ke sa tsoka ta ɗaure in an ce ta ɗaure, ta saki in an ce ta saki. In ya yi ƙasa, jijiyoyi sai su riƙa zuba ma tsoka umarni ba kai ba gindi, kamar taron dattawan Makoɗa, kowa na ihu ba mai saurare. Shi ne rawar fatar, shi ne sandarewar, shi ne faɗuwar. Nono cike yake da shi. Baki takwas na tsotse shi ba hutu, to mi ke shiga a madadinsa? Ruwan wankin tukunya! Ko Baba Tamada anka sa ya shayar da takwas a kan dussa, da yanzu yana ƙarƙashin rumbu yana shure-shure. Shi ya sa da anka raba su ta miƙe, da anka mai da su ta faɗi. Jaki ma zai gane wannan.

Ɗiyan lafiyarsu lau, nonon ba guba ciki, gubar tana bakin masu yaɗa magana. A ba su kunu da madarar akuya a tasa. Ita kuwa a daka mata warangi da ƙayarsa, da ɓawon ƙwai, a cuɗa cikin abinci. In sarkin tsamiya ya hana, ki yi a bayan idonsa. Ƙasusuwan da Barsu ta sha ƙaya ta kamo suna can gindin itace tururuwa na bin su, ita tana nan tana mutuwa don rashinsu. Wai hanci zai mutu! Gawa na bin sawu ne?

Maganin gaske allurar jijiya ce, kuma ba ni zan yi ba, littafin ya ce in an tura ta da sauri zuciya na tsayawa. Malamin dabbobi ya tafi Birnin Kebbi kan maganar wurin aiki, tun da anka yanke sabuwar jiha ba su zauna wuri ɗaya ba. Yana dawowa zan ɗauko shi. Ku jira ni, in haƙurin nan da kuke cika kunnen yara da shi kuna da ko ɗigonsa.

Dogo

*

Yelwa, 21 ga Agusta

Yaya Zipora,

Ina fatan lafiya, don shirun ya yi yawa. Isa bai shigo ba, an ce injinsa ya ba shi matsala. Wannan na ba Barakatu mai sayar da kifi, ta ce ta san gidanku.

Malam ya dawo. Na karanta masa takardarki, tun ban kai ƙarshe ba ya ce ciwon mai shayarwa ne, ya sha ganinsa. Ya yarda mu shigo jirgin ran kasuwar Wara da allurar. Ya ce da idonki za ki ga jikin ya saki tun bai wanke hannu ba.

Ya gyara mini abu ɗaya. Na ce in ta sake ɗaukar ciki zan cika ta da ɓawon ƙwai tun daga farko. Ya ce a'a, in an cika mata shi da ciki, jiki sai ya sangarce, ya manta yadda ake jawo shi daga ƙashi, ranar da nono ya zo ta fi faɗuwa. Abinci mai kyau da ciki, ƙari kuma bayan haihuwa. Ki riƙe wannan don baɗi.

Ta fara cin warangin? Baba ya yi fushi? Ya yi ta yi, fushi ba ya sandarar da ƙafa.

Ƙanenki,
Dogo

*

Dutsen Makoɗa, 23 ga Agusta

Dogo,

Gaisuwa. Mutanen gida lafiya. Barakatu ta kawo takardarka jiya. Ka ce da malam kada ya wahalar da kansa. Barsu ta mutu tun Talatar da ta wuce.

Zan gaya maka yadda anka yi. In ka gama ka zage ni, ai ka iya.

Takardarka ta 11 ga wata ta yi mako a jakar Isa, injinsa ya mutu a wata tungar masunta. Ranar da ta iso, da safe, Barsu ta yi faɗuwar da ta fi kowace muni. Cikin shure-shure ta tsinke igiya, ta gangaro tsakar gida inda yara ke wasa, kumfa a baki. Ba ta ciji kowa ba. Amma kafin in dawo daga rijiya gari ya taru, maza da kulake. Baba ya tare ƙofa ya ce ba mai taɓa ta sai an ji Dogo. Ka ji? Shi ne ya tare ƙofa. Ana cikin haka Isa ya hawo dutse da takardar.

Na tsaya gaban dattawa na buɗe. Na karanta: a raba ta da ɗiyanta, kada su sha nononta, kada yaro ya matsa, kada a sa mata hannu a baki. Ladidi ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kun ji! Mai ita ma ya faɗa!" Na ce ku tsaya, da saura. Na duba sauran, Dogo, sai burkutu da jaki. Ubana na tsaye gabana, sa'o'insa na bayansa. Na tsinto "Ba hauka ba ce", na haɗiye rabin layin. Na tsinto "yunwa ce", na haɗiye saura. Ina karatu ina tuntuɓe. Tsoho Ɗanladi, babban mafaraucin nan na ƙasan gari, ya ce, "Yarinya, idonki na gudu a kan takarda, bakinki na tsaye. Mi kike ɓoyewa?" Na ce ba komi. Ya juya ga mutane ya ce, "Na farkon da ta karanta tiryan-tiryan, shi ne na Dogo. Na bayan nan daga kanta take ƙagawa don tana son karyar." Mai wa'azi ya tafi taro, ba wani mai karatu a gari. Na yi ta rantsuwa, ba wanda ya ƙara saurarena.

Baba ya karɓi kulki ya ce baƙon hannu ba zai yi ba. Lokacin ta ɗan farfaɗo. Ta gan shi, ta kaɗa wutsiya. Bai bari ta wahala ba.

Tun da an ce mahaukaciya ce, ba a kai ta gindin tsamiya inda ake binne karnukan farauta ba. Kwazazzabon bayan gari anka jefa ta. Ɗiyan kuma, sunka ce ai ka ce kada su sha nonon, ga shi sun riga sun sha. Anka sa su buhu anka gangara tabki da su. Bakwai anka samu. Ta takwas, mace, mai farin wuya, tana ƙarƙashin kwando a ɗakin girki, ina ba ta kunu da madarar akuya. Wannan layin ni kaɗai na karanta ma kaina.

Na faɗa maka a gabansu zan karanta.

Zipora

*

Yelwa, 28 ga Agusta

Zipora,

Ban tambayi lafiyar kowa ba, na ga kuna da ƙarfin ɗaga kulki.

To ni na kashe ta ke nan? Ashe biro ke fasa kai. Gaskiya na hannunki a rubuce, kika tsaya kina auna wanne ya fi nauyi, ran Barsu ko fuskar tsofaffi, kika zaɓa. Da kin karanta, iyaka su ce Dogo ba shi da kunya, abin da suke faɗi tun ina yawo tsirara. Iyaka Baba ya mare ki. Kunci na warkewa.

Kwalbar allurar tana nan a kan kantar shago. Malam ya riga ya sa ta jaka, ya fito da ita. Ya ce in yi haƙuri, wanda ya ga mutuwar ɗan Ladidi ba a ganin laifinsa in ya ji tsoro. Na ce ban ga laifin Ladidi ba, ita ɗanta ta binne. Laifin da nake gani na waɗanda ruwan tabki ya zo ƙofarsu tun kafin a haife ni, har yau suna fushi da shi, gara karensu ya mutu da ya ci abin da ke cikinsa.

Na san abin da na rubuta. Babu layi ɗaya da ba gaskiya ba. Tun da takardarki ta zo nake neman wanda zan cire, sai in ji ina ƙara wani.

Kada ki sake rubuto mini, sai in 'yar kwikwiyon ta mutu, in san ba ni da kowa a Makoɗa.

Dogo

*

Dutsen Makoɗa, 4 ga Oktoba

Dogo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ko ka amsa ko ka ƙi. Inna lafiya. 'Yar kwikwiyon ba ta mutu ba, har ta cinye mini takalmi ɗaya. Ba don ita na rubuto ba.

Karyar tsoho Ɗanladi ta haihu, ɗiya da yawa. Shekaranjiya ta fara irin tafiyar nan ta karare. An fara taruwa.

Ina surfe Baba ya zo ya zauna a kan turmin da ke kife. Tun abin nan bai kira sunan Barsu ba, bai kira naka ba. Ya ce, "Takardar yaron nan tana nan?" Na ce tana nan. Ya ce, "Karanta. Wannan karon in kika tsallake zan sani." Na karanta masa duka, da burkutun da sarkin tsamiyar. Da na zo inda ka ce a sa shi ya shayar da takwas, na tsaya. Ya ce, "Ci gaba." Da na zo kan jaki, ya ce in maimaita maganar tsoka da jini, a hankali. Da na gama ya daɗe yana kallon ƙarƙashin rumbu. Sai ya ce, "Bakin ubansa." Ya tashi.

Dogo, Baba ya gangara bakin tabki da jakar farautarsa, wurin da ban taɓa ganin ya taka ba. Masunta sun yi ta yi masa tsiya, wai mai dutse ya zo neman suruki. Ya dawo da jakar cike da warangi. Ya kwashe ɗiyan karyar Ɗanladi da hannunsa, ya ɗaure uwar, yanzu yana zaune ƙofar Ɗanladi da sanda. Ta ɗan miƙe, amma jikin na rawa. Dattawa sun ce ba za su bi maganar da anka cuɗa da zagi ba. Baba ya ce ka sake rubutowa yadda za a iya karantawa a gaban mutane, kuma ka kawo malamin.

Bai ce a ba ka haƙuri ba, kada in ƙara masa. Ya dai ce ɓeran da ke haushi a ɗakin girki a fito da shi ya sha iska.

Yayarka, ko ka ƙi,
Zipora

*

Yelwa, 6 ga Oktoba

Yaya Zipora,

Ina amsawa. Ki gaida Inna. Takalmin zan kawo wani.

Malam zai shigo jirgin Isa gobe, allurar da anka ajiye don Barsu tana jakarsa. Ni ba zan zo ba. In na ga Ɗanladi yana shafa kan karyarsa yana godiya, ban san abin da bakina zai yi ba, kuma an ga abin da yake yi in na sake shi. Ban yafe ba, kada ki ce masu na yafe. Ke ma da saura tsakaninmu, amma ki fito da 'yar kwikwiyon ta sha iska.

Na ƙasan nan shi ne na dattawa. Na duba shi layi-layi, har na ba Alhaji ya duba. Babu inda za ki tsallake.

Iyayena, ina gaisuwa. Karya mai shayarwa in ta sandare tana rawar jiki, sannan ta samu sauƙi da an janye ɗiyanta, ba hauka ba ce. Nono ne ya tsotse abin da ke riƙe tsokarta. A ɗaure ta don a kwantar da hankalin mutane, a ciyar da ɗiyan daban, a ba ta kifi da ƙayarsa, a kira malamin dabbobi ya duba, don shi zai raba wannan da hauka ta gaskiya. Ɗiyan ba su da laifi.

Roƙona ɗaya ne, ga Baba Tamada. In ruwa ya ɗauke, a shiga kwazazzabon bayan gari a kwaso abin da ya rage na Barsu, a kai gindin tsamiya kusa da karnukan babana. Da ranta ba a ba ta ƙashin wurin ba. A ba wurin nata.

Ɗanku,
Dogo